Azuzuwa uku na jar ƙasa: yadda wata makarantar zango a Kumasi ta gama gininta

Asalin wurin

Makarantar tana gabashin Kumasi a ƙasar Gana, cikin gundumar Asokore Mampong, a kan gangaren da ruwansa ke sauka zuwa rafin Aboabo. Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma mutanenta. Da safe boko ake yi, da yamma a ɗauko allo da littattafan addini, Asabar da Lahadi kuma matan aure su zo nasu darasin. Wani malami ne ya fara ta a zauren gidansa. A 2014 iyayen yara suka haɗa kuɗi aka gina azuzuwa uku na bulon siminti, aka rufa kwano, ba silin. Tagogin ƙanana ne kuma duk a gefe ɗaya suke, don ɗaya gefen katangar maƙwabci ta tare shi.

A ƙarshen 2021 yara 230 ne ke cunkushe a ɗakunan nan uku. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, da rana ta take, kwanon yakan yi zafin da malamai kan fito da yara ƙarƙashin mangwaro tun kafin azahar. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai don a ƙara azuzuwa uku, kowanne mita 8 a 7. Ma'ajinmu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Ni aka ba littafin shiga da fita, don haka lambobin makarantar da za a gani a nan daga wannan littafin na kwaso su.

Janairu zuwa Disamba 2022: kuɗi ya narke a hannu

A Janairun 2022 magini ya yi mana lissafi. Bango kaɗai, daga bulo zuwa kwaɓin ɗori zuwa filasta ciki da waje, zai ci siminti buhu 150. A lokacin buhu yana wajen sidi 50, kuɗin Gana. Kuɗin da ke hannu, na gudummawar iyaye da adashin mata, wanda a nan ake kira susu, ya isa harsashi da bango har linta. Rufi aka ce sai bayan azumi, idan masu hali sun fitar da nasu.

Aka zuba harsashi a Maris. Daga nan komai ya fara gudu. Dala da take wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 a Nuwamba. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Buhun siminti ya doshi sidi 90, rodi da kwano ma suka bi sahu.

Wani ɗan kwamiti ya yi tambayar da kowa ke yi a zuci: siminti da ake yi a Tema da Takoradi, me ya haɗa shi da dala? Amsar ita ce mafi yawan masana'antun simintin Gana niƙa suke yi. Kilinka, wato gasasshen dutsen da shi ne ƙashin bayan siminti, a jirgin ruwa ake kawo shi daga waje, da dala ake biya. Duk ranar da sidi ya faɗi, buhun da ke shagon Aboabo sai ya ji a jikinsa. A Disamba kuɗinmu bai fi ƙarfin rabin bango ba. Aka tsayar da aiki, ciyawa ta rufe harsashin.

Janairu zuwa Maris 2023: bulon araha da fanka

Gwaji na farko shi ne a bi hanyar da aka saba, amma a rage mata nauyi. Wani mai buga bulo a bakin titi ya yi mana farashi mai sauƙi, aka sayi guda 600. Tun a wajen saukewa daga aboboya, wato babur ɗin kaya mai ƙafa uku, gefunansu suka fara zubewa, kusan ɗaya cikin biyar ya fashe. Daga baya yaronsa ya gaya wa magininmu cewa buhu ɗaya suke fitar da bulo 50, alhali magininmu ya yi lissafinsa ne a kan 30. Magini ya murza ɗaya da babban yatsa, yashi ya zubo, ya ce, "Hajiya, ba zan ɗora rufi a kan wannan yara su zauna a ƙarƙashi ba." Bulon ya ƙare a katangar bayan gida.

Don zafi kuma aka sayi fanka shida, biyu a kowane tsohon aji, aka rataye su a jikin katakon rufi, tazarar ƙasa da kamu biyu daga kwano. Iskar da ta gasu a ƙarƙashin kwanon ita suke turowa kan yara. Ga kuɗin wuta ya tashi: hukumar ƙayyade farashi ta PURC ta ƙara kashi 27.15 a Satumban 2022, ta sake ƙara kashi 29.96 a Fabrairun 2023. Katin mita da yake kai mu wata ya koma ƙarewa cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Yara kuma ba su daina fita gindin mangwaro ba.

Afrilu zuwa Yuni 2023: komawa ga ƙasa cikin gaggawa

Magininmu dattijo ne, ɗan arewa, da ƙuruciyarsa ya yi gini da tubali kafin ya koyi na siminti. Shi ya fara cewa a gwada ƙasa. Malam ya ji daɗin maganar. Ya tuna mana masallacin ƙasa na Larabanga a arewacin Gana da ke tsaye shekaru aru-aru, ya kawo labarin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa. Dattijo ya yarda, amma ya kafa sharaɗi biyu: a jira rani, kuma a nemo jar ƙasa daga wani wuri, don wadda ke bayan makaranta baƙa ce, tsohon juji ne.

Kwamiti bai bi ko ɗaya ba, kuma ina cikin waɗanda suka matsa. An gama azumi, masu gudummawa suna son ganin abu a tsaye, kuɗin tifa kuma babu. Aka haƙa ƙasar bayan makaranta, aka kwaɓa, aka zuba a akwatin katako, aka shanya mako ɗaya tsakanin ruwa da ruwa. Ba siminti ko kaɗan a ciki. Harsashin kuwa santimita 15 kawai ya ɗara ƙasa. Zuwa farkon Yuni bangon aji biyu ya kai taga.

Damina biyu ake yi a Kumasi, babbar kuma a Yuni take cika ƙarfi. Wani dare aka kwana ana ruwa. Ruwan gangare ya taru a gindin bangon gabas, wanda ke sauka daga sama ya jiƙa kansa tunda ba rufi. Da asuba aka tarar mita 9 na bango a ƙasa, sauran kuma gindinsa ya yi laushi, dole aka rushe. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin.

Asarar kuɗi ba ta yi yawa ba. Asarar suna ita ce babba. Unguwa ta ɗauka cewa an ci kuɗin siminti an yi wa yara atakpame, sunan da ake kiran ginin laka na ƙauye da shi a kudancin Gana, kuma a bakin ɗan birni kalmar raini ce. Alhazai biyu suka janye alkawarinsu. Wata uwa ta ce wa Hajiya a kasuwa, "Mun baro ɗakin ƙasa a ƙauye, ku kuma za ku mai da 'ya'yanmu ciki?" Abin dariyar shi ne, tsofaffin gine-ginen Asante da ke kewayen Kumasi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, na ƙasa da itace ne, kuma baƙi har kuɗin jirgi suke biya su zo kallo.

Yuli zuwa Oktoba 2023: watannin awo

Wadda ta sake buɗe maganar tsohuwar ɗalibar makarantar ce, ta karanta fasahar gini, a lokacin tana bautar ƙasa. Ta zo wurin Malam ta ce, "Baba Malam, ƙasa ba ta yi laifi ba. Ku ba ni wata uku kafin ku yanke." Ya ce, "'Yata, bakin mutane fa?" Ta ce a bar bakin mutane sai an ga awo.

Ta fara da kwalba. Ta ɗebo ƙasa daga wuri huɗu, ta zuba kowacce a kwalbar ruwa da ɗan gishiri, ta girgiza, ta ajiye ta kwana. Yashi ya kwanta a ƙasa, laka a sama, kowa ya gani da idonsa. Ta bayan makaranta ta fito da datti yana yawo a kai. Guda biyu laka ta yi musu yawa, irin wadda ke tsagewa in ta bushe. Ta huɗun, jar marmara daga wani wurin da ake yankan hanya kilomita 11 daga makaranta, ita ce ta dace. Dattijo ya dunƙula ta a hannu, ya sake ta daga tsayin ƙirji, ya ga yadda ta watse, ya ce tun farko irin wannan yake nufi.

Ta kuma nuna wa kwamiti cewa abin ba baƙo ba ne a garin nan. Tun wajen 1970 aka ƙera injin matse bulon ƙasa na hannu mai suna Tek-Block a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ake kira KNUST. A Fumesua, 'yar tafiya kaɗan daga wurinmu, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI ta daɗe tana aiki a kan jan bulo da pozolana, gasasshen yumɓu da ake maye gurbin wani kaso na siminti da shi. Da yawanmu a Kumasi aka haife mu, amma ranar muka fara jin wannan.

Aka yi hayar injin hannu da wani maƙeri ya haɗa a Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa ta Kumasi. Aka buga bulo na gwaji iri uku, da siminti kashi 4, da 6, da 8 cikin ɗari. Bayan kwana 28 aka kai su ɗakin gwaji aka danna, busassu da waɗanda suka kwana a ruwa. Mai kashi 4 ya gaza a jiƙe. Mai kashi 6 ya wuce abin da ake nema ga gini marar bene. Takardar sakamakon ta yi amfani biyu: da ita aka sabunta izinin gini, kuma Hajiya ta yi kwafinta ta manna a ƙofar makaranta. Ta sa aka jiƙa bulo ɗaya a bokiti a bakin ƙofa har mako guda, duk wanda ya zo ɗaukar yaro ya taɓa. Ɗaya daga cikin alhazan biyu ya dawo.

A wannan lokacin ne kuma aka rataye ma'aunin zafi a tsohon aji da kuma inuwar mangwaro, wani malami yana rubuta awo kullum ƙarfe 2 na rana.

Nuwamba 2023 zuwa Maris 2024: aikin

An fara bayan ƙaramar damina ta ɗauke. Tifa bakwai na marmara aka kawo. Samari tara na unguwa, yawancinsu ba su da aikin yi, aka koya musu tankaɗe, awo da bokiti, yayyafa ruwa daidai yadda ƙasar za ta dunƙule ba ta manne a hannu ba, da jan injin. Makon farko ba su wuce bulo 150 a rana ba, rabinsu ma an mayar. A mako na uku suka kai 300. Jimla aka buga 6,500. Kowane rukuni aka jera a inuwa, aka lulluɓe da leda, ana yayyafa ruwa safe da yamma, ba a taɓa shi sai ya cika kwana 28. Hunturu ya so ya ɓata aikin, don busasshiyar iska tana shanye ruwan kafin siminti ya kama, sai da aka ƙara yawan yayyafin.

An sauya tsarin ginin a wuri huɗu. Aka ɗaga gindin bango da bulon siminti mai kyau har santimita 60, aka shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin bulon ƙasa ya hau, aka haƙa lambatu a gefen gangare. Aka fara tsayar da ginshiƙai aka yi rufi kafin bango, yadda ko an yi ruwan bazata ba zai taɓa aikin ba. Aka fito da bakin rufin mita ɗaya a kowane gefe, da baranda a gefen da rana ke faɗuwa. Sannan aka yi tagogi masu faɗi suna kallon juna, da ƙofofin iska a can sama ƙarƙashin rufi, aka sa silin na katako daga kasuwar katako ta Sokoban, aka zaɓi kwano mai farin fenti.

An yi gardama a kan filasta. Wasu sun so a shafe bangon a yi fenti don kada a gane na ƙasa ne. Hajiya ta ƙi, ta ce ita da ta jiƙa bulo a bokiti a gaban jama'a ba za ta koma tana ɓoye shi ba. Aka bar waje yadda yake, ja, aka yi siririyar filasta a ciki daga ƙasa zuwa tsayin kafaɗar yaro. Yara suka shiga a makon farko na Maris 2024, kwanaki kaɗan kafin azumi.

Maris 2024 zuwa Maris 2025: abin da awo ya nuna

Siminti a bango: an yi lissafin buhu 150, aka kashe 88. Cikin 88 ɗin, 58 a cikin bulon suka shiga, wato kusan daidai da abin da bulon siminti zai ci, domin bulon ƙasa ƙarami ne kuma cikakke, ba rami a cikinsa. Ragin ya fito ne daga filasta da kwaɓin ɗori. A lokacin buhu ya kusa sidi 100, kafin tsakiyar 2024 ya haura, har ministan ciniki na lokacin, K.T. Hammond, ya kai dokar ƙayyade farashin siminti majalisa.

Kuɗin bango gaba ɗaya: ya yi ƙasa da na bulon siminti da wajen kashi 10 cikin ɗari kawai, don tifa, hayar inji, gwaji da ladan samari sun cinye mafi yawan ragin. Rufin kuwa ya fi wanda aka tsara da farko tsada, saboda faɗinsa da silin.

Zafi: a Maris 2024, ƙarfe 2 na rana, tsohon aji yana kaiwa digiri 37 zuwa 38, sabon yana tsayawa a 31 zuwa 32, kusa da inuwar mangwaro. Ba a sa fanka a sababbin azuzuwan ba.

A hutun Agusta 2024 aka yi wa tsofaffin azuzuwan silin, aka fasa ƙofofin iska a saman bangon da ke kallon katangar maƙwabci, aka shafa wa kwanon farin fenti. Ba a sauya bulonsu ba. A Maris 2025 awonsu ya sauka zuwa 33. Aka cire fanka huɗu aka bar biyu.

Bangon ƙasa ya ga damina ta 2024 duka biyun bai zaizaye ba, sai wuri ɗaya da indararo ya tsage ruwa yana dukan kusurwa, aka gyara da rabin buhu.

Hukunci

Bangon Yuni bai faɗi don na ƙasa ne ba. Ya faɗi ne don ƙasar ba ta dace ba, gindinsa yana cikin ruwa, kansa a buɗe, kuma an gina shi a tsakiyar damina don a faranta wa masu gudummawa. Dattijo ya faɗi biyu daga cikin waɗannan tun kafin a fara. Abin da ɗalibarmu ta ƙara a kan saninsa shi ne awo da takarda, kuma takardar ce ta buɗe ƙofar ofis da aljihun alhaji.

Sanyin ɗaki kuma, mu da muka yi ta yabon jar ƙasa dole mu faɗi gaskiya: mafi yawansa daga rufi da iska ya zo. Tsofaffin azuzuwan siminti sun sauka digiri huɗu zuwa biyar ba tare da an sauya bulo ɗaya ba. Wannan ne aikin da ya fi araha, kuma shi ne ya shafi dubban ɗakunan kwano da ke unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, da Nima da Mamobi a Akra, waɗanda ba wanda zai rushe su ya sake gini. Ana yawan kawo ginin da ba ya cutar da muhalli da misalin manyan gidajen gilashi na Akra, ko sashen uwa da jariri na asibitin Komfo Anokye da ya sami shaidar EDGE, wadda ke neman ragin kashi 20 a wuta, ruwa da kayan gini. Suna da kyau, amma kafinta mai silin da mai fentin kwano su ma cikin sana'ar suke.

Ta fuskar sauyin yanayi, buhu 62 da muka rage tan 3 ne da ɗoriya na siminti. Tan ɗaya na siminti yana fitar da fiye da rabin tan na iskar kabon, siminti kuma shi ke da wajen kashi 7 zuwa 8 na abin da duniya ke fitarwa. Namu ɗigo ne. Sai an ɗora shi a kan gidaje wajen miliyan 1.8 da ake cewa Gana na ƙarancinsu sannan zai yi nauyi. Ta fuskar tattalin arziki kuwa, a ganina ragin kashi 10 ba shi ne labarin ba. Labarin shi ne inda kuɗin ya tafi: abin da da zai bi jirgin kilinka ya fita da dala, ya shiga aljihun direban tifa, maƙerin Suame da samari tara, da sidi.

Sai dai azuzuwa uku ba su zama masana'anta ba. Tun 2010 gwamnati ta sa burin kayan gida su kai kashi 60 na gini kafin 2015, a 2018 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa, a Tema ma an gina masana'antar gasa yumɓu don rage kilinka. Duk da haka mu sai da muka nemo ƙasa da kanmu, muka yi hayar inji, muka biya gwaji, muka koyar da leburori, muka jira kwana 28. Mai gina ɗaki ɗaya ba zai iya wannan ba.

Bayan an gama, uku daga cikin samarin sun sami aikin buga bulo sau biyu, katangar wani masallaci da shago ɗaya. Wani maƙwabci da ya fi kowa yabon azuzuwan ya zo ya tambayi farashi don ƙarin ɗaki biyu a gidansa. Da ya ji sai ya biya tifa da siminti tun farko sannan ya jira wata guda, ya koma wurin mai bulon bakin titi, wanda ke ba shi ɗari-ɗari bashi ya biya ƙarshen wata. Injin an mayar da shi Suame a Afrilu.